Sunan da Baba ya liƙa mini

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ina tsoron alhakin ambaton mamaci da abin da ba alheri ba. Amma jiya na ji wata kalma mai "get" a wutsiya a rediyo, sai warin tabar wani tsoho da muke kira Baba ya dawo mini.

Tsohon akawu ne, gida ɗaya muke haya a Kurmin Sarki zamanin soja. Kullum da hantsi yana kan benci da jarida, tabarau ɗaure da zare. Yakan ce tun wata badaƙala a Amurka, in manya suka yi abin kunya sai Turawa su liƙa wa sunan abin "get" a wutsiya.

Lokacin ina gadin siton takin unguwa. Rufi ya yi yoyo, buhu uku suka narke. Da na durƙusa gaishe shi, a gaban jama'a ya ce, "Ga shugaban Takiget! Audu, kai kaɗai ka cinye?"

"Baba, wallahi ruwa ne."

"Can ma rantsuwa suka yi." Ya tofar da taba, aka yi ta dariya.

Na tambaye shi ma'anarta. Ya ce, "Ɗan firamare, naka amsawa ne kawai."

Ya rasu bai janye ba, yanzu har 'ya'yana ake kira da sunan. Allah ya jiƙansa, kada a tsayar da shi saboda ni. Don Allah wanda ya san asalin kalmar nan ya sanar da ni: ɓarawo kaɗai ake sa wa, ko har wanda aka zarga?