Mai Wanka Ba Ta Sallame Ta Ba

A gidanmu na Zango, duk matar da ta haihu ni ke yi mata wankan jego. Ruwan zafi a bokiti, tawul, man kaɗe, sai hannun nan nawa da suke cewa ya fi tabarya nauyi. Kuma tun muna yara muka tarar mai jego ba ta komawa ɗakin miji sai mai wanka ta ce jiki ya yi ƙwari.

'Yar ƙanwata ta zo gida haihuwar fari. Mijinta kafinta ne a Anloga, mai fara'a, mai durƙusa wa manya har ƙasa. Ran da na fara yi mata wanka ta ƙi juya mini baya.

Na ce, "Ke, ni na yanke miki cibiya, yau kuma kunyata kike ji? Juya."

Ta juya. Shatar bel ce daga kafaɗa har ƙugu, wata ta tsufa ta yi baƙi, wata ko ɓawo ba ta gama yi ba. Da tsohon ciki a jikinta aka yi mata wannan.

"Santsi ne ya kwashe ni a bakin famfo, Inna."

"Famfon naku bel yake ɗaurawa?"

Na gaya wa uwarta. Me ta ce? "Yaya, ki rufa mana asiri, ga suna ya matso." Aka yi suna. Mijin ya kawo rago da farin leshi, mata na guɗa suna cewa yarinya ta yi dacen miji. Aka miƙo mini naman, na ce haƙorana ba sa so.

Da arba'in ta cika, sai ga su daga Asokore Mampong: uwar mijin da kawunsa, da goro a faranti, sun zo ɗaukar mata. Na ce ban sallame ta ba.

Kawun ya ce, "Hajiya, ai kwanaki sun cika."

Na ce, "Ku kwana kuke ƙirgawa, ni jiki nake dubawa."

Ya san abin da nake nufi, don nan take ya shiga batun haƙuri. Kalmar nan ta ishe ni. Tun ina budurwa nake jin ana ɗura wa mata ita, ban taɓa ganin an ɗauki goro an je an ɗura wa mai dukan ko kaɗan daga cikinta ba.

Da suka dawo karo na biyu, uwar mijin ta ce kashe wa ɗanta aure nake so. Na ce in ta yarda ta zo da safe ta taya ni wanka, ai ita ma uwa ce. Bayan sun tafi na sami yarinyar tana ba jariri nono. Na ce, "Gadon bayan nan naki ne. In kin ce a'a, ba wanda zai gan shi." Ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta ce, "Bari ta gani."

Da safe uwar mijin ta zo, ta bar kawun da farantin goro a tsakar gida, ta naɗe hannun riga, na miƙa mata tawul. Yarinya ta juya. Tawul ɗin ya koma cikin bokiti. Can uwar mijin ta ce a hankali, "Haka ubansa yake yi." Har na fara tausaya mata, sai ta ƙara da cewa, "Amma ni ai na zauna."

Na ce, "Kin zauna, ga abin da zaman ya haifa kina kallo."

Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido gaban surukarta ba ta ja zani ta rufe jikinta, ta ce wa surukar, "Mma, ni ba zan zauna ba."

Matar ta fita, ta ɗauki farantin goronta, ta ce wa kawun ya tashi su tafi.

Ƙanwata har yau gaisuwarmu sama-sama ce, wai na ja mata abin magana a unguwa. Mijin ya zo ya durƙusa mini har ƙasa, na ce ya tashi kada wandonsa ya yi datti. Yaron yanzu yana tafiya, uwarsa na sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Masu sayen kokon ba su fasa tambayar yaushe za ta koma ba. Da can ni ke leƙowa in ce mai wanka ba ta sallame ta ba. Yanzu kafin in buɗe baki ta riga ta ba su amsa, tana zuba musu koko.