Rijiyar Jakuna

A gidanmu da rijiya ake ƙirga kakanni. In kakata, uwar mahaifina, ta zauna lissafa zuri'a, ba ta cewa wane ya haifi wane. Cewa take yi: mai rijiyar bakin kasuwar Tsibiri ya haifi mai rijiyar gindin gawo, shi kuma ya haifi mai rijiyar hanyar Jiratawa. Dokar gidan guda ce: kowane namiji ya gina rijiya ya bar wa gari, ba shinge, ba mai tsaro. Wanda bai gina ba, tsallake shi ake yi, shi da 'ya'yansa.

Mahaifina ne auta, kuma shi ake tsallakewa. Tun yana saurayi ya baro Tsibiri ya koyi ɗinki a Maraɗi. Zamanin Nasara ne, kaki na tashe, malaman lakwal, wato makarantar boko, da masu gadin kumandan mai mulkin gari duk wurinsa suke zuwa. Amma ranar suna ko biki, in Kaka ta faɗi rijiyoyin yayyensa biyu, sai ta tsaya nan ta gyara zama.

"Inna, kin manta ɗaya," in ji shi.

"Ban manta ba, Auta. Hudar allura ba ta tara ruwa."

Kowa ya yi dariya, har da shi.

Shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari, Nasara suka mai da mu kan tudu. Fili ga shi, tituna a miƙe, ruwa kuwa sai mata sun gangara fadama da tuluna. Da aka gama girbi, mahaifina ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya aro dagi ya fara haƙa rijiya.

Yayyensa suka zo kallo. Babban mutum ne mai tumbi. Ya leƙa ramin, ya daɗe yana dubawa.

"Auta, wannan rijiya ce ko ƙafar wando?"

Ashe mahaifina ya auna bakin ramin daidai faɗin kafaɗunsa, kamar yadda ya saba yanka yadi ba ɓarna. Suka yi dariya har suka gaji, sannan suka tuɓe riguna suka faɗaɗa bakin. A al'ada 'yan'uwa na iya jan ƙasa daga sama, amma mai rijiya shi ke zama a ƙasa. Tudu kuwa ba fadama ba ne. Rani guda ya ƙare a ciki, hannuwansa suka yi kanta har bai iya zura zare a allura.

Da ruwa ya fito, aka aika Tsibiri. Gugan farko na babbar macen gida ne, ita ke ɗanɗanawa ta yanke hukunci. Aka kawo Kaka a kan jaki. Unguwa ta taru. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta yamutsa fuska, ta tofar.

"Zartsi."

Mahaifina ya sunkuyar da kai, laka har gwiwa.

Ana cikin haka jakin da ya kawo ta ya cusa kai cikin gugan ya shanye, ya daki ƙasa yana neman ƙari. Kaka ta dube shi, ta dubi ɗanta.

"Kakanku cewa ya yi a shayar da gari," in ji ta. "Bai ce sai masu ƙafa biyu ba. Wa ke ɗauko muku gero?"

Hakan kuwa aka yi. Dabba na son zartsi. Fatake suka mai da wurin zango, jakuna da raƙuma suka yi ta sauka. Masu tubali suka riƙa kwaɓa ƙasa da ruwan, kuma gidajen unguwarmu da shi aka gina su. Mai ƙosai ta kafa kaskonta a gefe, mai tsire ya biyo ta.

Ranar sunan ƙanena Kaka ta lissafo zuri'a. Ta faɗi ta kasuwa, ta gawo, ta hanyar Jiratawa, da na yayyensa. Wannan karo ba ta gyara zama ba.

"Sai Auta, mai rijiyar jakuna."

"Inna, ai raƙuma ma na sha."

"Wanda ya fara sha shi ke da suna."

Daga nan ta juyo kanmu, mu jikoki, ta ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashinsa.