Magajin Malam Saura Nawa

Sunan da ɗalibai suka laƙaba masa har gida ya bi shi. Ko matarsa, in tsokana ta motsa mata, sai ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Malam Saura Nawa, abinci fa yana hucewa." Ya samo sunan ne a ajin lissafi na makarantar gwamnati da ke bayan tashar mota, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana juyowa daga allo yana tambaya, "To, an cire wannan, saura nawa?"

Ajin nan kuwa sai wanda ya gani. Yara a cunkushe kan benci, wanda ya makara ya ɗare taga. Allon ya koɗe har alli ba ya kama shi, sai Malam ya fasa tsohon batir, ya kwaɓa baƙin da ruwa, ya bi allon da tsumma. Albashi in ya ga dama ya zo, in bai ga dama ba a yi ta zuba ido. Duk da haka mutumin nan yana son aikinsa, so na tsakani da Allah.

Yana da wata magana da yake yi duk ranar da 'yan bencin baya suka ishe shi da surutu. Sai ya nuna su da alli ya ce, "Ku ci gaba da wasa! Wanda bai yi karatu ba, ƙarshensa ya dawo nan ya sha ƙurar alli irina." Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya dara. A wurinsa raha ce kawai. Bai taɓa lura cewa 'yan gaba ba sa dariya ba. Su sunkuyar da kai suke yi, su ƙara matse biro.

Cikin 'yan gaban nan akwai wata yarinya da yake kira Sarauniya. Kafin ya gama rubuta tambaya ta ɗaga hannu. Ranar da murya ta ƙi shi, ita yake miƙa wa alli, ta yi wa 'yan uwanta bayani har na kan taga su ce sun gane. Tun lokacin ya ƙudurta a ransa cewa ita ce za ta gaje shi, amma bai taɓa faɗa mata ba.

Shekaru suka ja. Maƙogwaron Malam ya mutu murus, magana sai da raɗa, ga ritaya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Hedimasta ya kira shi ofis ya ce, "Malam, an yi cigiyar malamin lissafi, masu kan karatun ko ɗaya bai leƙo ba. In ba a samu ba, sai dai in haɗa ajinka da na malamin wasanni." Abin ya tsaya masa a rai. Malamin wasanni mutumin kirki ne, amma lissafinsa bai wuce ƙirga ƙwallayen da aka ci ba.

Sai ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya tafi neman Sarauniya. Ta gama jami'a da sakamakon da aka yi ta zancensa, tana aiki a wani kamfanin waya, a ofis mai sanyi kamar cikin randa. Tana ganinsa ta miƙe da sauri, ta russuna ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa. Bai yi kwana-kwana ba.

"'Yata, aji nake so ki karɓa. Ban taɓa ganin mai iya bayani irinki ba."

Ta dube shi ta ce, "Malam, wallahi babu aikin da nake so kamar koyarwa. Nan wuni nake ina ba mutane haƙuri a waya."

"To, me ya hana?"

"Ka tuna abin da kake faɗa wa 'yan baya? Ni fa ban taɓa ɗaukarsa wasa ba. Ina kallon takalminka, ina jin tarinka, sai in koma gida in hana idona barci don kada in dawo ajin nan. Yanzu in ce wa mahaifiyata zan koma? Cewa za ta yi duk wahalarta ta tashi a banza."

Ya buɗe baki zai ce raha yake yi, sai idonsa ya faɗa kan takalmin nasa da aka yi wa ɗinki ya fi a ƙirga. Ina rahar take? Ya shanye ruwan, ya sa mata albarka, ya fito.

Ana gab da sallamarsa aka turo sabon malami. Malam na ganinsa ya gane shi: Dogo ne, sarkin surutun bencin baya, wanda sai da ya maimaita jarrabawar lissafi kafin ya tsallake da ƙyar. Ya sha yawon neman aiki bai samu ba, kwalejin malamai ce kaɗai ta karɓe shi. Dogo ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Malam, ka ce nan ne ƙarshena. To, ga ni, bakinka ya kama ni."

Malam bai iya dariya ba. Ya nuna masa yadda ake kwaɓa baƙin batir, ya miƙa masa guntayen allin da ke aljihunsa.

Ranar ƙarshe ya kwashe 'yan komatsansa, ya biyo ta bayan ajin don ya yi masa kallon bankwana. Hayaniya ta cika ɗakin, Dogo na fama da wani lissafi a allo, ya goge ya sake, ya goge ya sake. Can ya juyo a fusace, ya nuna 'yan baya da alli.

"Ku ci gaba da wasa! Wanda bai yi karatu ba, ƙarshensa ya dawo nan ya sha ƙurar alli irina."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya dafa taga, ya yunƙura zai ce kada ya ƙara faɗin haka, amma muryar ba ta fito ba. A bencin gaba wata 'yar ƙaramar yarinya ta dubi takalmin Dogo, ta sunkuyar da kai, ta ƙara matse biro.