Madala Zefa Ya Sauka Daga Bas Ɗin Zagaya Maputo

Kafin rana ta ɗago a kan teku, Zefanias Tembe ya riga ya iso gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Maputo. Farar rigarsa ta sha guga, yana cin burodi da ƙosai a tsaye don kada zama ya ɓata masa karin wando. Remane, direban da suka daɗe tare, yakan leƙo ta taga ya ce, "Madala, yau ma ɗaurin aure za mu?"

"Kai dai wanke idonka," in ji shi, "jiya ka kusa kwashe mai rake."

Madala muke kiran dattawanmu, shi kuwa Zefa tun furfura ba ta fito masa ba sunan ya bi shi. Sama da shekara ashirin yana yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora a wannan bas, wuni cur, daga babbar kasuwa zuwa lungunan unguwar Mafalala, a ci kifi a bakin ruwa da rana, a dawo da yamma. Kamfanin da yake wa aiki yakan ba shi Jamusawa, domin yarensu a bakinsa yake. Yana tsayawa a ƙofa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. In mace ce matashiya, fatarta tsakanin baƙi da fari, sai gaisuwar ta ɗan yi tsawo.

Duk wanda ya yi aiki da shi ya san dalili. Yana saurayi aka tura shi Jamus ta Gabas aikin masana'anta. Can ya haɗu da Kerstin, suka haifi 'ya, Ines. Yarinyar ta fara rarrafe ke nan aka haɗe Jamus biyu, aka kwaso su Zefa aka dawo da su gida. Ya nemi Kerstin da 'yar ta duk hanyar da ya sani, aka ce masa sun bar garin. Ya yi aure a nan, ya haifi maza uku, bai taɓa ɓoye wa matarsa Felismina komai ba. Ita ce ma mai goge masa rigar.

Remane yana ba da labarin ranar da wata Bajamushiya mai suna Doreen ta hau bas ɗin. Da aka tsaya cin abinci kowa ya sauka, ita ta zauna. Zefa ya koma ciki ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce ba kallon gari ta zo ba, mahaifinta take nema. Remane ya ce ya ga hannun Madala ya kama ƙarfen kujera.

"Yaya sunan mahaifiyarki, 'yata?"

Ta faɗa. Ba Kerstin ba ce. Zefa ya zauna kusa da ita ya ce, "To, faɗa mini abin da kika sani." Abin bai da yawa. Sunan uban Armindo, kuma inji ya taɓa cinye masa yatsa ɗaya.

Da suka tashi aiki Zefa ya shiga bin tsofaffin abokansa da aka dawo da su tare, wannan ya tura shi wurin wancan, har ya iske Armindo yana sayar da gawayi a bayan kasuwar Xipamanine. Mutumin ya ji labari, ya dubi hannuwansa, ya ce ba zai je ba.

"Da wane ido zan kalle ta, ɗan'uwa? Ka ce mata na mutu."

"Ba zan faɗa ba," in ji Zefa. "Ni da za a ce tawa ce ta zo, ko daga cikin kwata na fito haka zan tafi. Tashi ka yi wanka."

Washegari aka haɗa su a cikin bas ɗin bayan an sauke baƙi. Armindo ya manta Jamusanci, saboda haka Zefa ya tsaya tsakaninsu yana fassara. Doreen ta ce, "Baba, me ya sa ba ka neme ni ba?" Da bakinsa Zefa ya maimaita tambayar. Armindo ya ce, "Babu ranar da ban tuna ki ba, ban dai san ƙofar da zan buga ba." Wannan ma da bakinsa ya mayar mata. Remane ya ce muryar Madala ba ta yi rawa ba har aka gama. Sai da uba da 'ya suka tafi ya sauka ya zagaya bayan mota, ya daɗe bai dawo ba.

Doreen ta koma ta ba da labari, wasu suka biyo sahunta. Akwai wanda aka samo masa uba a garin Xai-Xai, akwai wadda aka kai ta kan kabari, Zefa ya tsaya da ita har ta gama kukanta, sannan ya gabatar da ita ga ƙannenta. Akwai kuma waɗanda aka nema aka rasa, bai kuwa taɓa yi musu ƙaryar cewa an kusa ba. Babu wanda ya sa shi wannan aiki, kamfanin ma sai daga baya ya sani.

Kai ne, Madala, mai buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofa taka tana rufe. Kai ne ka ba da aron bakinka ga iyayen da kunya ta ɗaure wa harshe, ka faɗi kalmomin da kai ma kake da wadda za ka faɗa wa. Ba mu taɓa jin ka ce don me 'ya'yan wasu suke zuwa ban da taka ba.

A watan jiya gwiwoyi suka ce masa ya isa hawa da sauka. Ranar zagayensa na ƙarshe Felismina ta kawo matapa, miyar ganyen rogo, da shinkafa aka ci a cikin mota. Remane ya ce, "Yanzu wa zan riƙa tsokana?" ya juya kai yana goge madubin da ba shi da datti. Zefa ya miƙa lasifika ga Nilza, matashiyar da ya koya wa aikin da yaren, ya ja ta gefe.

"In wata ta zo ta ce sunanta Ines, kada ki ce mata na yi ta jira, zai yi mata nauyi. Ki bar ta ta ga garin tukuna, ta ci kifinta. In ta tambaya, gidana bayan cocin nan ne, kin san shi."

"In ba ta tambaya ba fa, Baba?"

"To ki duba mini ko tana cikin ƙoshin lafiya, ki zo ki faɗa mini."

Mun gode, Madala Zefa. Doreen da sauran waɗanda suka san fuskar iyayensu ta dalilinka sun gode. Masu wannan sana'a da ke tasowa, in kun ga baƙon da ya ƙi sauka daga mota, ku koma ciki ku tambaye shi ko lafiya, kamar yadda ya yi. Ines kuwa, in Allah ya sa wani ya kai miki wannan labari, mahaifinki yana raye. Yana zaune a Maputo, kuma bai manta yarenku ba.