Baba Tamau da Kujerar Jika

Sunansa na yanka ya ɓace tun a tashar lodi. Baba Tamau kowa ke ce masa, har matarsa idan ya ƙure ta. Tun yana saurayi yake ɗaure kaya a bayan manyan motoci: buhuna, katifu, firji, wata rana har injin niƙa da mai shi zaune a kai. Bai taɓa zubar da kaya a hanya ba, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Da ƙugu ya ce ya gaji, sai ya sauko, ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya dawo gida da igiyoyinsa. Gidan ne ya shiga uku. Ƙofar banɗaki da igiya take rufuwa, tabaransa da zare yake rataye, murfin tukunya ma bai tsira ba. Matarsa ta ce shi ya sa ba ta barcin rana, kada ta farka ta gan ta a ɗaure da gado.

Abu guda ne bai yarda da shi ba a duniyar ɗauri, shi ne bel ɗin mota. "Wannan tsumman? Ka ja shi ya biyo ka kamar ɗan akuya?" Na kujerar baya ma ya yanke ɗaya ya ɗaure murfin but ɗin motar da shi, sauran ya cusa su ƙarƙashin kushin don kada su dami mutane.

Sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta haifi mace. Baba Tamau ya ce ya yi amarya. Da hutun haihuwa ya zo ƙarshe, ana neman mai kai yarinya gidan raino kullum da safe, bai bari an rufe baki ba.

"Ga ni, ga mota, ana neman wa?"

Auta ta dawo washegari da kujerar jarirai, ta dire a tsakar gida.

"Baba, da sharaɗi. A baya za a sa ta, ta kalli baya, kuma da bel za a ɗaure ta. In ba haka ba, motar gidan rainon za ta riƙa zuwa ɗaukarta."

"Wannan direban mai cingam? Shi za ki ba matata?"

"Shi yana sa bel."

"Ke, ni za ki koya wa ɗauri? Da wannan hannun na ɗaure miki zanen goyo a bayan uwarki."

"Ƙarya yake," in ji matarsa daga kicin. "Sau ɗaya ne, kuma sai da almakashi aka fito da ke."

Ya ce su ba shi wuri. Ya ɗauko igiyarsa ta alfarma, wadda ba ya ba kowa aro, ya ɗora kujerar a gaba kusa da direba, fuskarta na kallon titi. Amarya ai a gaba take zama, ta ga gari, gari ya gan ta. Ya zagaya igiya ta baya, ya ratso ta gefe, ya sunkuya yana lalube ƙarƙashin kujerar motar, don ɗan lodi ba ya ƙulli sai ya sami ƙarfe. Sai kuwa hannunsa ya faɗa kan wani ƙarfe a kwance, sumul, kamar don shi aka ƙera. Ya yaba wa masu ƙera motar a ransa, ya ɗaure tamau.

"Ku zo ku girgiza!"

Auta ta girgiza. Motar ce ta motsa, kujera ko gezau. Shi kuwa har ya fara gyara hula.

Sai ga matarsa da kankana a hannu, an naɗe ta da tawul.

"Kaya a tsaye kowa gwani ne. Ga amaryarka, kai ta yawo, ka taka birki mu gani."

Ya kwantar da kankana cikin kujerar. 'Yan maɗauran da ke ciki, na kafaɗa da na tsakanin ƙafa, ya ture su gefe. Kaya mai nauyi ai nauyinsa ke zaunar da shi. Ya ja mota ya bi layin bayan gida, inda babu kowa sai kaji, matarsa da Auta kuma suna tsaye bakin get. Gudun da yake yi mai keke ma zai wuce shi ya waiwayo. Ya saki hannu ɗaya ya ɗaga musu, sannan ya taka birki.

Ƙarfen nan da ya yaba, ashe shi ake ɗagawa idan za a matsar da kujera. Kaya ya rinjaya gaba, igiya ta ɗaga ƙarfe, kujerar mota ta zame da duk abin da ke kanta, ƙuuu, har ƙarshen layinta. Kankana ba ta tsaya nan ba. Ta fice daga tawul, ta daki gaban motar, ta dare biyu.

Ƙullinsa bai kwance ba. Ya duba, yana nan daram. Sai dai jan ruwa na gangarowa kan rediyo, yana ɗiga a tabarmar ƙasa, kuma kankanar ba ta fi kan amaryarsa girma da wani abin kirki ba. Ya daɗe yana kallo, injin na kunne.

Matarsa ta ƙaraso, ta leƙo ta tagar motar. Ta buɗe baki, ta ga fuskarsa, ta rufe. A iya zamansu, ran nan ne kawai ta bar masa kalma ta ƙarshe, shi kuma ba shi da ita.

Shi ya ɗaga kushin ɗin baya da kansa. Suka sami matsefi, makullin da aka zargi maƙwabta a kansa, da bel ɗin tsakiya, sabo fil, ko rana bai taɓa gani ba.

"Ta nan za ka zura, Baba, inda aka yi alama. Kada ya murɗe."

"Na gani."

"Sai ka ji ya ce ƙas."

"Ba kurma ba ne ni."

"Yanzu danna kujerar da ƙarfinka, ka ja bakin bel ɗin."

Ya danna, ya ja. Ya ji yadda bel ɗin ya ciji kujerar ya ƙi sakewa, sai ya ƙara ja, a hankali, irin na mai ɗanɗana abu. Ya kama gindin kujerar ya jijjiga. Ba ta matsa ko faɗin yatsa ba.

"Hm," in ji shi. "Ai wannan ɗaurin buhun siminti ne. Daga wurinmu suka sata."

Auta ba ta yi musu ba. Ta sa yarinya cikin kujerar, ta nuna masa yadda ake jan maɗaurin kafaɗa har sai ya kasa tsunkuno shi da yatsu biyu. Ya kwance ya sake, ya kwance ya sake, har amarya ta gaji ta yi masa fitsari a hannu.

Yanzu kullum da safe shi ke kai ta. A ƙofar gidan rainon ya zama annoba: duk motar da ta tsaya sai ya zura kai ya jijjiga kujerar ɗan mutane, ya ce wa uban, "Wa ya ɗaure wannan, maƙiyinka?" Direba mai cingam kan canza hanya idan ya hango shi.

Ƙorafinsa ɗaya ne. Tun daga gida har can, amarya ta juya masa baya, sai ƙeyar kujera yake gani a madubi.

"Daidai ke nan," in ji matarsa. "Da wuri ta gane ka."