Daren da Baba ya kira sunana

Shekarun baya, tun ba a fasa hanyar mota ta dutsen Kara ba, na taɓa hawa Ɗa'ifa da ƙafa tare da mahaifina. Lokacin ina saurayi a unguwar Hindawiyya ta Jidda, da wani ƙulli a zuciyata. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ko "wannan yaron", shi ke nan. Shi a Sudan ya tashi da kunyar Hausawa, ni kuwa haifaffen Jidda ne, kullum ina ganin iyayen abokaina Larabawa suna sumbatar goshinsu. Sai na yanke cewa ba ya ƙaunata. Har na nemi aikin jirgin ruwa a ɓoye, da niyyar in na tafi, na tafi ke nan.

Aikin tsinkar fure za mu a saman dutsen. Mota ta sauke mu a gindinsa da la'asar, muka ɗauki jagora, wani Balarabe mai jaki da fitila. Da dare ake hawa saboda zafin rana. Jagoran ya ce, "Ku bi wutsiyar jakin nan, ya fi ku sanin hanya."

Ni da nake ganin na fi jaki wayo, ga fushi na cin raina, sai na riƙa ja da baya don kada in jera da Baba. Can sama gajimare ya sauko ya rufe mu, fitilar ta ɓace mini. Na taka wani dutse, sabon takalmina ya zame, sai ga ni a cikin kwazazzabo da targaɗe.

Na ji jagora yana "Ya walad! Ya walad!", wato "kai yaro" da Larabci. Sai kuma wata murya ta fasa duhun da sunana. Muryar Baba ce, tana rawa. Wallahi sai da na ɗan yi shiru don in ƙara ji, sannan na amsa.

Shi ya sauko da kansa, dattijo mai ciwon gwiwa. Ya shafa kaina da fuskata. Da ya tabbatar da raina, sai ya gyara murya ya ce wa jagora, "Halas, shi ke nan. Ɗora wannan yaron a kan jaki. Yalla, mu tafi."

Haka na isa ƙololuwa da asuba, a bayan jakin da na raina, sanyi na kaɗa ni, bargon Baba a kafaɗata, shi kuma daga shi sai 'yar riga.

Jirgin ya tashi ba ni. Har Allah ya karɓi ran Baba bai sake kiran sunana ba, ni ma ban sake nema ba. Yau mutane da yawa suna kira na, har jikoki na tsokanata da sunan. Amma in na rufe ido, da muryarsa nake jin sa.