Fakon Kawu Ilu da Tsohon Tauraro

Magariya

Ana idar da sallar asuba muka tashi a motar ma'aikatar gandun daji, ni da Madam Rabi, mai karanta mana hotunan tauraron ɗan'adam. Raina a jagule yake. Hotunan sun nuna kore na raguwa kowace shekara a wani ƙauye kusa da Guci, aka ce gawo ake sarewa, za a tuɓe shugaban masu tsaron itatuwa. Shugaban nan kuwa Kawu Ilu ne, yayan mahaifiyata.

Dungas

Muka tsaya shan kunu da ƙosai. Madam ta ga ko loma na kasa kaiwa, ta ce, "Kwantar da hankalinka. Idon tauraron nan ya daɗe a sama, rana ta cinye shi, kore ma dishi-dishi yake gani. Fako nake nema, inda ko ciyawa ba ta taɓa tsirowa ba. In hotuna suka ce shi ma ya canza, to laifin idon ne."

Ni da rawar kai, na zagaya na buga wa Kawu waya: "Ga mu nan tafe, fakon bayan gari za mu duba."

Guci

Yashi ya hana mota wucewa, muka ƙarasa a kabu-kabu. Da azahar muka isa. Wayyo ni! Fako ya zama kurmi. An kakkafa ɗanyun rassa ko'ina, mata na ba su ruwa, matasa na fama da korar awaki. Ga Kawu cikin babbar riga yana washe baki.

"Ya kuka ga dajin namu?"

Madam ta dafe kai. "Baba, ina kuka samo rassan nan?"

"Gawo mana, 'yata! Muna da shi jibge. Ai ba ma bari baƙi su ga tsiraicinmu."

Sai la'asar muka gama tsige daji, aka yi awo. Fako na nan yadda yake tun kakanni, amma a hotuna kowace shekara sai ya ƙara duhu. Ido ne ya tsufa. Da aka gyara lissafi, itatuwan ƙauyen ma ƙaruwa suka yi.

Kawu ya ce, "Ashe tsoho ɗan'uwana ne ya kai ƙarata!"

Gida

Mun iso Magariya lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa mutanen ƙauyen da furar da suka cika mu da ita. Rahoto ya wanke Kawu tas daga saran shekara da shekaru. Na saran yini ɗaya kuwa, ni aka miƙa wa takardar sammaci in kai masa.